Jiƙon Zabibin da Ya Kwana Biyar

Ku sababbin shiga, ina jin abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai Sadisu ya fi kowa hutawa a maɗbakh ɗin nan namu na girkin biki. Ku kuna fama da tukwanen shinkafa da kawunan raguna, shi kuwa ya jiƙa zabibi a ruwa, ya sa farar riga, ya riƙa zagaya baƙi da 'yan kofuna kamar na wasan yara. Wallahi ban ji haushi ba, ni ma da haka na ɗauki abin. Amma ku zauna in ba ku labari. Ku in shinkafarku ta kama, faɗa za a yi muku, a ɗora wata. Nawa in ya lalace ba maganar faɗa ba ce. Abin da ke cikin kwalabena in ya juya, sunansa giya. Wanda kuwa aka kama yana raba wa mutane giya a Jidda, kun san inda ake kai shi, kun kuma san jirgin da yake hawa daga can a mayar da shi gida. Iƙama, takardar zaman ƙasa, ba ta ceto, kafili, ubangidan da ya tsaya maka, ba ya ceto. Tsakanin sana'ata da wannan jirgin kwana uku ne kacal. Ni na taɓa kai shi biyar.

Bari in faro daga ƙwayar zabibi guda ɗaya. Watana huɗu da zuwa daga Gusau, aikina wankin tire, sai Khala Safiya ta aike ni kasuwar Balad sayo kayan ƙamshi. Ga waɗanda ba su saba da ita ba tukuna, Khala ita ce mai maɗbakh ɗin nan na unguwar Sa'alaba, Bahaushiya ce amma a nan aka haife ta, in ta faro magana da Hausa Allah kaɗai ya san da wane yare za ta ƙarasa. Na shiga shagon wani dattijo mutumin Yaman, Ammu Yahya. Yana auna mini kanumfari, ya ga idona a kan wani buhu da ya rufe da ƙyalle. Ya ɗaga ƙyallen, ya ɗauko ƙwaya ɗaya, doguwa, siririya, kalarta tsakanin kore da ruwan zuma, ya ce kada in tauna, in bar ta a kan harshe. Na bar ta. Jama'a, na zo Jidda ina ganin na san zaƙi. Na sha rake, na sha zuma, na ci alawar madara har haƙori ya yi ciwo. Wannan daban ne. Zaƙin ba ya faɗo maka gaba ɗaya, tahowa yake yi a hankali, sai ka ce ya gama sai wani ya biyo baya, da ɗan ƙamshi kamar na fure. Ya ce sunansa raziƙi, daga tsaunukan garinsu ake kawowa, kuma ba kowace shekara yake samu ba. Na dawo maɗbakh na manta kanumfarin a shagon.

Babu wanda ya koya mini. Jiƙon zabibi kam kowa ya san shi a garin nan, ana sayarwa da azumi a bakin titi, tsararo, a zuba ƙanƙara a sha don ƙishi. Ni ba shi nake so ba. So nake wannan abin da na ji a harshena ya koma abin sha, mai kauri, wanda za a ba mutum bayan ya ci ya ƙoshi, kurɓi uku, ya tashi da shi a baki har gida. Na yi ta gwadawa a ɗakinmu da zabibin kanti. Na dafa, ya fito kamar maganin tari. Na markaɗa da inji, ya yi duhu ya yi ɗaci saboda ɓawon. Na zuba sukari, abokan ɗakina suka ce in sayar wa masu ciwon hanta. Tururuwar Sa'alaba duka ta san ƙofarmu. Sai a hankali na gane: raziƙin Ammu Yahya, ruwa kaɗan, mai sanyi, kwana ɗaya, kuma da hannu ake murzawa. A tace da ƙyallen tatar koko sau biyu, ba a matsewa da ƙarfi, a bari ya ɗiga da kansa. Ruwan wardi na garin Ɗa'if ɗigo-ɗigo, in ka ji ƙamshin wardin ya fito fili ka ɓata, sai ya zama kamar kana shan turaren amarya.

Kayan aikina ga su nan kuna gani a kan kanta, kada wanda ya taɓa. Kwalabe shida masu faɗin baki. Ƙyallen tata, wanda ba a wanke shi da sabulu mai ƙamshi. Ludayin katako, don ƙarfe yana barin ɗanɗanonsa. Kasko na garwashi da mistika, wannan ɗan ƙaron mai ƙamshi da matan Hijaz suke turara tulunan ruwa da shi. Wannan Khala ce ta nuna mini, ita ma ba da niyyar koyarwa ba, gani na yi tana kifa kofunan gidanta a kan hayaƙin. Ka kifa kofi a kan hayaƙin mistika kamar tsawon karanta Ƙulhuwallahu, ka ɗauke, ka bar shi a kife. Sai kofunan kansu, ƙanana, masu doguwar ƙafa.

Yadda ake riƙe kofi da yadda ake zubawa, wannan a waya na gani. Akwai wasu Turawa da ke sa baƙar kwat suna zuba wa mutane abin sha a 'yan kofuna, su ɗaga wa haske, su juya, su kai hanci. Na san abin da suke zubawa, ba yaro ba ne ni. Hannun nake kallo. Ba na ma jin yarensu, kashe sautin nake yi. Wata rana ina kallo a bayan maɗbakh sai ga Baba Ilu a kaina.

Baba Ilu kun san shi, shi ne mai shinkafa, ya fi shekara ashirin a ƙasar nan. Shi yake jan mu sallah duk ranar da aiki ya hana mu samun jam'i a masallaci. A lokacin, in ka yi fito sai ya ce kana kiran shaiɗan. In wandonka ya wuce idon sawu sai ya bi ka da almakashi.

Ya ce, “Kai ɗan nan, me nake gani haka? Mashaya ka zauna kana kallo?”

Na ce, “Baba, darasi nake ɗauka.”

“Darasin wuta. Kashe.”

Na kashe. Ina riƙe da kofina da nake gwaji da shi. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo ya ce, “Kuma ba a cafke kofi kamar ƙoƙon fura. Ta ƙafa ake riƙewa. Hannunka yana ɗumama abin da ke ciki.”

Na ce, “Baba, a ina ka san wannan?”

Ya ce, “Hankali ne. Tashi ka wanke tire.”

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikina na farko da aka biya sunan jaririn wata ƙawar Khala ne, baƙi ashirin da wani abu. Khala ta ɗanɗana a maɗbakh, ta sake kurɓa, ta ce, “Ya waladi, esh hada? Kai ka yi wannan?” Daga ranar na bar wankin tire. A nan na fara sanin mutane. Ba a ba da shi tare da abinci. Sai an ci, an wanke hannu, an kwashe tire. Ka fara ba kowa ruwan sanyi kurɓi ɗaya, ya wanke maiƙon nama. Sannan ka zuba, rabin kofi, ba ƙanƙara. Ka faro daga babban wurin, ka bi dama. Tsofaffin Hijaz sukan fara shinshina kofin tun kafin a zuba, mistikar suke dubawa, in ta yi yawa su yamutsa fuska. Samari hoto suke ɗauka har ya huce. Mutanenmu kuwa, Allah ya bar mu tare. Akwai wani Alhaji da na yi wa bayani tiryan-tiryan, na ce ya duba kalar, ya shinshina, ya bar shi a harshe. Ya saurare ni tsaf, ya ɗaga kofin ya juye a maƙogwaro, ya ce, “Madalla. Yanzu kawo na shan.”

Sai shekarar da raziƙi ya ɓace. Hanyar Yaman ta yi wuya, wata da watanni ina zuwa wurin Ammu Yahya yana buɗe mini tafin hannu. Na koma yi da baƙin zabibi, mutane suna sha, amma waɗanda suka san na asali suna tambaya. Aiki ya ja baya har Khala ta fara nuna mini tire da ido. Rannan Ammu ya kira ni, ya ce wani ɗan'uwansa ya zo da kaɗan, bai kai rabin buhu ba, in ban zo ba kafin magariba wani zai ɗauka. Na je a guje.

A makon nan ne Injiniya Bashir ya zo. Mutumin Zariya ne, yana aiki da wani kamfani a Madinar Masana'antu, gidansa a Madain Fahd. 'Yarsa ta sauke Alƙur'ani, zai yi walima ranar Juma'a. Ya gayyaci malaman makarantar, da limamin unguwarsu, da shugabansa na wurin aiki, Balarabe. Ya taɓa shan jiƙona a wani biki, ya ce shi fa saboda shi ya zo wurinmu, har ya riga ya cika wa baƙinsa baki cewa za su sha abin da ba su taɓa sha ba. Na ce, “Yallaɓai, ka zo a daidai.”

Alhamis da safe na jiƙa raziƙin duka, sai ɗan dunƙule ɗaya da na ƙulle a leda don marmari. Juma'a da sassafe na murza, na tace, kwalba shida cif, kala kamar zumar farar saƙa. Ina cikin goge kofuna waya ta shigo. Mahaifin Injiniya, wanda saboda shi aka sa ranar, jirginsa bai taso daga Kano ba. An ɗage walima zuwa Talata.

To ga matsala. An riga an yanka raguna biyu tun jiya, naman dole ya shiga firiji. Firijinmu a lokacin ɗaya ne. Ko nama ko kwalabena. Na ce ba komai, a kai su sito, akwai mukayyif mai sanyaya ɗaki, akwai sanyi. Ni na ɗauke su da hannuna na jera. Abin da ban lissafa ba, duk wanda ya tashi ƙarshe a maɗbakh shi yake kashe mukayyif ɗin sito, dokar Khala ce tun kafin in zo. Kuma lokacin zafi ne, irin zafin Jidda da bango kansa yake gumi. Na san malamai suna cewa kada jiƙo ya wuce kwana uku. Na sani sarai. Amma na ce a raina wannan ai na mutanen da ne da ba su da sanyi. Ga kuma Turawana na waya, kullum sai su nuna kwalba mai ƙura su ɗaga yatsu, alamar ta daɗe, shi ya sa ta yi tsada. Na ce ashe daɗewa ma gyara ce.

Talata da hantsi, ana ɗora kaya a mota, na shiga sito na murɗa murfin kwalbar farko. Ta ce “tsss.” Na ga 'yan kumfa suna tasowa daga ƙasa, ƙanana, a jere, gwanin sha'awa. Na zuba a kofi na kurɓa. Zaƙin ya ɗan ja baya, wani abu yana tsikarar harshe, ƙamshin ya ƙara zurfi, in ka haɗiye sai ka ji ɗumi yana gangarawa ƙirji. Ni da ban taɓa sanin ko warin giya ba tunda uwata ta haife ni, me kuke tsammani na ce? Cewa na yi Allahu akbar, na gano sabon abu. Na ƙara kofi na biyu don in tabbatar. Na fito da gudu ina kiran Khala.

Ta kurɓa, ta ɗaga gira. “Ghariba. Ya canja. Amma laziz, wallahi.”

Musa direba, ɗan Maraɗi, ya miƙo hannu ya shanye nasa. “Patron, se bon! Wannan ya fi na da. Ƙaro.”

Na turara wani kofin da mistika yadda ya kamata, na zuba, na nufi Baba Ilu yana juya shinkafa. Na ce, “Baba, yau sai ka yarda ɗanka ya zama gwani.”

Bai karɓa ba. Tun kofin yana nesa da shi kamar kamu biyu ya daina juya shinkafar. Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya ajiye muciya.

Ya ce, “Wannan ba zai fita daga gidan nan ba.”

Na yi dariya. “Baba, ko ɗanɗanawa ba ka yi ba.”

“Ba zan ɗanɗana ba. Ku zubar.”

Khala ta taso. “Ya Baba, esh fi? A zubar da me? Raziƙi ne fa, babu wani a Jidda kaf. Mutumin nan ya tara malamai, bayan azahar suna jira.”

“Hajiya, ya juya.”

Na ce, “Bai juya ba! Ai abin da ya lalace tsami yake yi, wari yake yi. Wannan ƙamshi yake. Ni na yi shi, ni na san shi.”

Ya ce, “Ka san shi ranar Juma'a. Yau ba ka san shi ba.”

Khala ta kama ƙugu. Ita ma ba ta san abin ba, a gidan malamai ta tashi. Ta ce ba za ta zubar da kwalba shida ta kunyata babban mai ba ta aiki ba saboda zato. “Kai kullum komai haram ne a wurinka, ya Baba. Fito haram, waƙar waya haram. Ba ni dalili. Ta yaya ka sani? In ba dalili, yalla, Musa, ɗauki kwalabe.”

Musa ya ɗauki ta farko ya nufi mota.

Baba Ilu ya bi kwalbar da kallo. Ya dubi Musa, ya dubi ƙofa. Ya goge hannu a gaban riga, ya sake gogewa. Sannan ya miƙo hannu ya ce, “Kawo.”

Ya karɓi kofin ta ƙafa, da yatsu uku. Ya ɗaga shi saitin taga ya ɗan karkata shi. Ya juya shi sau biyu, abin da ke ciki ya zagaya bangon kofin bai zuba ko ɗigo ba. Ya kai hanci sau ɗaya, gajere, ya sauke. Jama'a, shekara biyu ina kallon Turawan nan, babu ɗaya da hannunsa ya kai na Baba laushi.

Ya ce, “Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuba wa mutane wannan abin a wani otal a Legas, kafin Allah ya kawo ni umara in tuba. Akwai irinta mai zaƙi da ake ba manyan baƙi bayan abinci, a 'yan kofuna irin waɗannan, kwalba ɗaya sai an buɗe kabad da makulli. Warinta ke nan. Wannan ba ta nuna ba tukuna, amma ta kama hanya, kuma in malaman nan suka sha kofi bibbiyu za ku ji wa'azin da ba ku taɓa ji ba. Balaraben nan kuwa, in ya taɓa fita waje, kurɓi ɗaya zai gane. Daga nan yaron nan sai jirgi, ke kuma a rufe miki maɗbakh. Ga dalili, Hajiya. Kin ji abin da matata ma ba ta sani ba.”

Musa ya dawo da kwalbar a hankali ya ajiye, kamar mai ajiye jariri.

Khala ta dafe kai. “La hawla. Na sha! Ya Rabbi, na sha!”

Baba ya ce, “Kurɓi ɗaya, ba da sani ba. Ki kurkure baki.”

Na ce, “Baba, ni fa kofi biyu na sha.”

Ya ce, “Shi ya sa tun ɗazu bakinka bai rufu ba.”

Khala tana kurkurar baki ta ce, “La, wannan kullum haka yake.”

Baba ya miƙa wa Musa hannu. “Makulli. Yau ni zan tuƙa.”

“Haba Baba, kofin nan ko tsuntsu ba zai...”

“Makulli.”

Muka kwashi kwalabe zuwa magudanar bayan gida. Ni na zubar da su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, raziƙin ƙarshe na garin Jidda yana gangarawa rariya. Warin ya tashi ya cika tsakar gida. Khala ta ruɗe, ta ce maƙwabta za su ji, ta juye maganin wankin ƙasa, ta kunna turaren wuta kasko uku, har matar gidan sama ta leƙo tana tambaya ko aure ake yi.

Saura awa biyu. Na tsaya riƙe da kwalba babu komai a ciki. Baba ya ce, “Tsayuwa za ka yi? Je kanti ka kwaso baƙin zabibi.” Na ce ai sai ya kwana a ruwa. Ya ce ba sai ya kwana ba. Ruwan zafi, ba tafasasshe ba, wanda yatsa zai iya shiga ya fito. A rufe rabin awa. Muka murza tare, shi da ni, hannu huɗu a roba ɗaya. Muka tace sau biyu. Ya sa aka cika babban baho da ƙanƙara, ya dasa tukunyar a ciki yana juyawa ba tsayawa har ta yi sanyi. Ya ce a matsa lemon tsami rabi don zaƙin ya miƙe tsaye. Na ɗanɗana. Ba raziƙi ba ne, kusa ma bai yi ba, amma ba abin kunya ba ne. Sai na tuna da ledata. Na ƙirga ƙwayoyin, sun ishi kowane kofi ɗaya-ɗaya.

Khala ta ce kafin a sauke ko tire ɗaya sai na gaya wa Injiniya gaskiya da bakina. A ƙofar gidansa na ja shi gefe na faɗa masa. Fuskarsa ta sauya. Ya leƙa falo, ga liman, ga malamai a jere, ga mahaifinsa da carbi, ga shugabansa. Ya dawo da kallonsa kaina.

“Kana nufin saura ƙiris in shayar da liman...”

“Saura ƙiris, yallaɓai.”

“A walimar sauka.”

“A walimar sauka, yallaɓai.”

Ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane ko kuka ne ko dariya. Da ya samu numfashi ya ce, “Wa ya gane?”

Baba yana bayan mota yana sauke tukunya, ya ba mu baya, amma na ga hannunsa ya tsaya.

Na ce, “Kwanakin muka ƙirga, yallaɓai. Sun wuce uku.”

Aka ci, aka wanke hannu, na zagaya da ruwa, na zagaya da kofuna. Na faɗa musu gaskiya cewa na yau baƙin zabibi ne, amma ƙwayar da ke ƙasan kofi ita ce raziƙi, kada a tauna, a bar ta a harshe. Manyan malamai kowa ya rufe baki yana tsotson zabibi ɗaya. Mahaifin Injiniya ne ya fara magana. Ya ce, “Yaro, wannan 'yar ƙwayar, a ce da ita aka yi duka fa?” Na ce, “Baba, da sai an ɗauke ku a mota.” Injiniya ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa.

Mun dawo Sa'alaba an riga an idar da la'asar a masallaci. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda har lokacin turaren Khala bai gama fita ba. Muka yi alwala, muka daidaita sahu, Musa ya tada sallah. Wurin liman babu kowa. Na waiga, sai ga Baba Ilu a ƙarshen sahu, can gefen rariya, kansa a ƙasa.

Ya ce, “Sadisu, shiga gaba.”

Na ce, “Ni? Da kofi biyu a cikina?”

“To Musa.”

Musa ya ce, “Ni ko makulli ba a yarda a ba ni ba yau.”

Babu wanda ya motsa. Muka tsaya, shi ma ya tsaya. Sai muryar Khala daga cikin maɗbakh, ko leƙowa ba ta yi ba: “Ya Baba, halas! Mutane na jira, tukwane na jira. Yalla!”

Ya taka a hankali ya wuce gaba. Ya juyo ya duba sahu kamar kullum, ya nuna ƙafar Musa ya ce ya ja wandonsa sama. Sannan ya yi kabbara.

Baba Ilu da kansa ya ce in ba ku labarin nan, ban da haka ba za ku ji shi a bakina ba. Ya ce gara ku ji, don kada wani a cikinku ya sake jin “tsss” ya yi murna. Yanzu kun gane abin da ya sa kowace kwalba take da takarda a jiki da ranar da aka jiƙa ta, da abin da ya sa nake da firijina ni kaɗai da kwaɗo a kai. Kun kuma gane abin da ya sa, duk ranar aiki, kafin a ɗora kwalba a mota, nake zuba rabin kofi in kai wa mai shinkafa. Ba ya sha. Yakan ce a'uzu billahi, ya karɓa ta ƙafa da yatsu uku, ya kai hanci sau ɗaya. In ya ce “tafi,” sai mu tafi.